Saura mako tara bikina, an ce in zo a ƙone mini baƙaƙen ƙwayoyin fuskata

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, ina zaune da iyayena a Kubwa, ina aiki a Garki. An sa ranar aurena, saura mako tara. Tun ina jami'a wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi masu ɗan tudu suka fara fito mini a ƙarƙashin ido da kumatu, yanzu sun gangaro har wuya. Ba sa ciwo, ba sa ƙaiƙayi. Mama tana da su, kakata ma haka. Ban da su akwai tabon ƙuraje a goshi da haɓa. Da can ban damu sosai ba, sai ranar da 'yan'uwan ango mata suka zo ganina, babbar yayarsa ta dube ni a gaban kowa ta ce, "Amarya, sai a dage da gyara fa, kin san hoto ba ya ɓoye komai."

Ƙawata ta kawo mini haɗin mai a wata roba marar suna, daga wajen wata da ke sayarwa a Instagram. Mako biyar ke nan ina shafawa. Na yi haske, amma yanzu fuskata na raɗaɗi in na shiga rana, wasu ƙananan ƙuraje sun feso, in na yi kwana biyu ban shafa ba sai ƙaiƙayi. Na kuma je wani gidan gyaran jiki a Wuse 2, sun ce za su ƙone ƙwayoyin duka da na'ura a zama ɗaya, su yi mini ɓare fata da sinadari sau uku kafin biki, a kan naira dubu 180. Wanda zan aura ya ce shi ba su dame shi ba, amma in ina so zai biya. Mama ta ce ba ta yarda ba, gado ne kuma halittar Allah ce. Raina ya ɓaci na ce mata ai ita ta saba da nata ne. Tun ranar ba ma sakewa da juna. Da dare kuka nake yi. Anti, in je a yi mini ko in haƙura?

'Yarki daga Kubwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Maganar da aka yaɓa miki a gaban mutane tana da ciwo, kuma ban ga laifinki ba da ta tsaya miki a rai. Yarinya ta yi kwalliya ta fito gaida dangin miji, gabanta na faɗuwa, sai kalmar farko da za ta ji ta zama a kan fuskarta. Ko wace ce sai ta koma ɗaki ta ɗauki madubi. Son ki fito fes ranar aurenki ma ba abin kunya ba ne. Sai dai da na karanta wasiƙarki sau biyu, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne robar man nan marar suna. Ita ce take yi miki ɓarna yanzu haka, kuma ita ce za ta sa duk wani aiki da za a yi a fuskarki ya zama kasada.

Abu uku ne a fuskarki, ke kuma kin haɗe su wuri ɗaya kina neman magani guda. Akwai ƙwayoyin gado, akwai tabon ƙuraje, akwai kuma raunin da man ya jawo. Kowanne da hanyarsa da lokacin da yake ci.

Alamun da kika lissafa, haske cikin 'yan makonni, raɗaɗi a rana, ƙananan ƙuraje masu kama da juna, ƙaiƙayi da zarar an tsallake kwana biyu, duk sun yi kama da aikin siteroyid, wato wasu magunguna masu ƙarfi na kwantar da kumburi da ƙaiƙayin fata. Masu haɗin mai sukan matse magungunan tub irin su kilobetasol ko betametason a cikin man shafawa, su ƙara sinadarin haskaka fata mai suna haidirokinon, wani lokaci har da zaiba. Kilobetasol yana cikin mafiya ƙarfin siteroyid da ake shafawa. An yi shi ne don cututtukan fata masu tsanani, na 'yan kwanaki, kuma likitoci suna kaffa-kaffa da kai shi fuska. Hasken da yake kawowa yana zuwa ne tare da cin fata: tana sirancewa, jijiyoyi su fara nunawa, gashi ya tsiro inda babu, ƙyasbi da makero su samu wurin zama, rauni ya daina saurin warkewa. A jiki yana jawo nankarwa mai faɗi wadda ba ta komawa. In aka daɗe ana shafa shi a wuri mai yawa yana ratsawa cikin jini ya taɓa hawan jini da suga. Haidirokinon kuwa, in aka yi watanni ana dirka shi ba ƙa'ida, yakan juye ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, irin wanda kike gani a fuskar wasu mata kamar an shafa musu gawayi, kuma fitar da shi sai an sha wahala. Zaiba tana lalata ƙoda, tana kuma isa ga ɗan tayi. Dokar NAFDAC ta hana sa siteroyid da zaiba a kayan kwalliya, ta kuma taƙaita haidirokinon a kashi 2 cikin 100. A 2023 hukumar ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Robar da ba ta da suna ba ta bi ta gaban kowa ba, ita kanta mai haɗawar ba lallai ta san ƙarfin abin da ta dama ba.

Kin yi sa'a mako biyar ne kawai. Ki ajiye shi daga yau, amma kada ki jefar da robar, ki sa ta a jaka ki tafi da ita wajen likitan fata cikin makon nan. Ina kuma so ki shirya ranki, domin fuskar za ta yi bore. Za ta iya yin ja, ta yi ƙaiƙayi, ƙuraje su ƙaru, launinki na asali ya dawo, har ki ga kamar kin fi da duhu. A nan ne yawancin mata ke karaya su koma wa robar. Likita yana da magunguna masu sauƙi da zai ba ki su raka ki wucewar wannan lokaci. Kafin ki gan shi, ruwa da sabulu marar ƙamshi da ɗan Vaseline sun isa. Ban da lemon tsami, ban da kurkum, ban da man goge baki ko tafarnuwa a kan ƙurji, ban da dirza da soso.

Dalilin da ya sa nake wannan taka-tsantsan yana jikin fatarmu ne. Ƙwayoyin da ke samar da launi a fatar baƙin mutum suna da saurin fushi. Duk abin da ya ji wa fata rauni, ƙuna ce, ƙujewa ce, matsa ƙurji ne, amsarsu guda ce: su zubo ƙarin launi a wurin. Dubi hannunki inda mai ya taɓa fantsamo miki kina suya, ko ƙafarki inda kika sosa cizon sauro. Ciwon kwana uku, tabon wata shida. To ƙonewa da na'ura da ɓare fata da lesa (na'ura mai aiki da haske mai ƙarfi) duk rauni ne da ake yi da gangan, a auna shi daidai yadda fata za ta warke ta fi da kyau. In hannun ya wuce awo ko da kaɗan ne, ko fatar ta riga ta raunana irin taki a yanzu, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido.

Shekarun baya na je kamun 'yar wata maƙwabciyarmu. Na leƙa ɗakin da ake shirya amarya na tarar mai kwalliya ta ajiye soso ta zuba tagumi. Ashe kwana goma kafin biki aka shafa wa yarinyar man ɓare fata a wani shago. Kumatunta sun yi jawur, fatar tana ɗagowa kamar ɓawon albasa, gefen bakinta ya yi baƙi ƙirin. Duk inda aka ɗora hoda sai ta dunƙule ta tsattsage. An kunna mata fanka a fuska don raɗaɗi, ƙanwarta na riƙe da tsumma tana tare hawayen kada su gangaro kan wurin. Haka aka fito da ita an ja mayafi har haɓa, mutane suna ta yaba kunyarta. Sai da ta kusa shekara tana zuwa asibiti. Har yau in na ji an ce "a zama ɗaya, kafin biki", fuskar yarinyar nan nake gani.

Ƙwayoyin nan kuwa na san su ciki da waje, domin ni ma ina da su, daga wajen mahaifiyata na ɗauko. Yadda kika kwatanta su, sun yi kama da abin da likitoci ke kira DPN a taƙaice. Wani likita ɗan Italiya, Aldo Castellani, shi ya fara bayyana su a rubuce a 1925. Sun fi fito wa baƙar fata, sun fi yawa ga mata, suna bin jini, sukan fara ne daga budurci su riƙa ƙaruwa da shekaru. In kin taɓa lura da fuskar ɗan wasan fim na Amurka Morgan Freeman, su ne a kumatunsa. Ba sa yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba sa rikiɗewa su zama daji, kuma ba ƙazanta ko maiƙo ke kawo su ba. Tsiro ne a saman fata, shi ya sa babu man da zai narkar da su. Ina da tabbacin mako biyar ɗin nan da kika yi kina shafa haɗi ko ɗaya bai faɗi ba, sai ma ƙara fitowa da suka yi tunda kewayensu ya yi haske.

Ana cire su, kuma a hannun wanda ya iya aiki ne mai sauƙi. Ana shafa man kashe zafi a bar shi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a taɓa kowace ƙwaya da wata siririyar allura mai zafin lantarki. Sai ta yi toka-toka, ta yi ɓawo, ɓawon ya faɗi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Masu ɗan wuya kamar na gefen wuyanki akan datse su da ƙaramin almakashi. Ana kuma yi da lesa. Akwai hanyar daskarewa da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, tana aiki a kan wasu tsiron fata, amma a fuskar baƙin mutum likitoci sukan kauce mata, don sanyi ya fi saurin kashe ƙwayoyin launi, sai a bar ki da fararen ɗige-ɗige waɗanda suka fi baƙaƙen ɗaukar ido. Ko da aiki ya yi kyau, gurbin kowace ƙwaya yakan yi duhu ko haske na makonni, wani lokaci watanni, kafin ya saje. Kuma waɗanda aka cire sun tafi, amma sababbi za su ci gaba da fitowa, don gadon yana nan. Duk wanda ya ce miki zai raba ki da su har abada bai gaya miki gaskiya ba.

Abu biyu likitan kirki zai yi kafin ya taɓa ki. Zai fara duba ko duka DPN ne, domin a cikinsu akan samu tawadar Allah ko wani tsiro na daban. Tawadar da ke girma, ko sauya launi, ko zubar da jini, yanko ta ake yi a kai ɗakin gwaji, in kuwa aka ƙone ta an ƙone shaidar. Sannan zai tambaye ki yadda jikinki ke warkewa. Duba hujin kunnenki da shaidar lamba a damtsenki, ki tambayi Mama ko a dangi akwai mai tabon da ke kumbura ya yi tudu ya zarce girman ciwon, wanda wasu ke kira tusar jaki. In akwai, ki faɗa tun kafin a tambaye ki. Bayan haka sai a gwada a kan ƙwaya biyu ko uku a wurin da ba ya nunawa, kamar ƙasan muƙamuƙi, a jira a ga yadda za su warke.

Yanzu mu yi lissafi da mako taran nan. Mako ɗaya kafin ki ga likita. Aƙalla wata guda fatar ta huta daga man, ƙila ma fiye. Gwaji da jiran sakamakonsa, wani watan. Kin ga mun shiga makon biki ba a fara aikin ba. Lissafin bai fita ba, 'yata. Shawarata ita ce ki bar ƙwayoyin nan sai bayan biki. Shekaru kike tare da su, wata uku ba zai ƙara musu komai ba. In likitan da ya ga fuskarki da idonsa ya ce akwai 'yan manya guda huɗu ko biyar da zai iya ɗauke miki lafiya da sauran lokaci, wannan shi ya gani, ki bi nasa. Amma duka a zama ɗaya, a kan fatar da siteroyid ya ci, ban yarda ba ko da kyauta za a yi miki.

Tabon ƙuraje shi ne inda za ki iya ganin canji kafin ranar, in kin yi haƙuri. Irin wannan tabo yakan dusashe da kansa cikin wata shida zuwa shekara, mai zurfi ya fi haka, matuƙar ba a ƙara sabo a kai. Don haka ƙurajen ake fara kashewa, hannu kuma ya bar fuska. In fatar ta lafa, likita zai iya ba ki azelaik asid, wanda ke maganin ƙuraje da tabo a lokaci guda, ko adafalin ko tiretinoyin da ake shafa kamar ƙwayar wake da dare, ko benzoyil feroksaid. Wannan na ƙarshen yana koɗar da launin tufafi, ki kiyaye mayafanki na lefe da rigar matashin kai. Dukkansu sai an yi mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga aikinsu sosai. Kada kunya ta hana ki gaya wa likita cewa aure za ki yi kuma juna biyu na iya zuwa kowane lokaci. Ana kauce wa tiretinoyin da adafalin da haidirokinon ga mai ciki, ƙwayar aisotiretinoyin da ake sha don ƙuraje masu tsanani kuma tana nakasa ɗan tayi mummunar nakasa. Azelaik asid yana cikin waɗanda ake bari mai ciki ta shafa.

Abin da mutanenmu suka fi rainawa kuma shi ne man kariya daga rana, wai ai baƙin mutum ba ya buƙata. Mai tabo yana buƙata. Tsayuwar da kike yi a bakin titin Kubwa kina jiran mota, da ranar da ke dukan kuncinki ta taga har Garki, ta isa ta mayar da tabon da kika yi wata kina lallashi. Mayafi ba ya rufe kumatu. Ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama da haka, mai rajistar NAFDAC, in da hali mai ɗan launin hoda, don shi ba ya barin fari-fari a fuska kuma ya fi tare hasken da ke ƙara duhun tabo. Ki shafa da safe da yawansa, ki sake bayan alwalar azahar, ki riƙe lema a jaka.

Ɓare fata kansa ba mugun abu ba ne. Akwai mai sauƙi da ake yi da gilaikolik ko salisilik asid, yana taimaka wa ƙuraje da tabo a baƙar fata in aka yi a hankali, da tazarar mako biyu zuwa huɗu, sau huɗu zuwa shida, bayan an shirya fatar. Masu zurfi su ne ke ƙona mu, su da ruwan ɓare fata mai launin ɗorawa ko kore da ake sayarwa a kwalba a kasuwa. Lesa ma iri-iri ce. Wadda aka fi amincewa da ita ga fatarmu ita ce Nd:YAG mai lamba 1064, na'urar hasken da ake kira IPL kuwa ta fi saurin ƙona mai duhun fata. In wani ya kawo miki zancen allura ko ƙarin ruwa na gulutatayon don haske, ki tashi ki bar wurin.

Ba na so in zalunci masu gidajen gyaran jiki. Da yawansu mata ne masu neman halal, sun iya wankin fuska da dilka da turare, kuma amare na fitowa daga hannunsu gwanin sha'awa. Amma allurar lantarki kusa da ido aikin asibiti ne. Ki tuna zuwanki can: sun tambaye ki abin da kike shafawa? Sun tambayi yadda tabonki ke warkewa? In farashi kawai suka yanka miki, kin samu amsarki. Duk inda za ki je nan gaba, kina da haƙƙin tambayar wa zai riƙe allurar, ko likita ne mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa (MDCN), ko sabon kan allura ake buɗe wa kowa, da abin da za su yi in wuri ya ƙone. Ki ce a nuna miki hoton mai launin fatarki wata uku bayan aiki. Hoton ranar da aka gama ba ya nuna komai.

A Abuja akwai sashen fata a Asibitin Ƙasa da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Galibi ta sashen marasa lafiya na waje ake bi a turo ki. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar nan, layi yakan yi tsawo, don haka ki nemi izini a ofis ki je da sassafe gobe ko jibi. In ranar da aka ba ki ta yi nisa, kuɗin da angon ya yi niyyar bayarwa sun isa ganin likitan fata a asibiti mai zaman kansa da sayen magani, har a yi saura.

Shi kuma angon, ki yarda da maganarsa. Da ƙwayoyin ya gan ki, da su ya aiko magabatansa. Tayin biyan da ya yi na ɗauke shi a matsayin mutumin da ya ga kina cikin damuwa ya rasa abin da zai yi sai ya miƙo abin da ke hannunsa. Amma ki gaya masa gaskiyar man nan. Ya ga kin yi haske cikin makonnin nan, zai kuma ga kin koma, gara ya ji dalili daga bakinki. Ki ce masa kin shafa wani mai da ya cutar da ke, kin daina, kina ganin likita, fuskarki za ta ɗan rikice kafin ta daidaita. Wannan ƙaramar magana ce, amma a irinta ake koyon faɗa wa juna abin da ba shi da daɗin faɗa.

Yayarsa ba ta kyauta ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ta faɗa. A wajen wasu matan irin wannan magana ta zama kamar gaisuwa ga kowace amarya, ba sa ma jin nauyinta. Kada ki kai ƙararta wajen ƙaninta yanzu, kada kuma ki shiga gidan aure da ita a ƙulle a zuciya. Tana iya sake magana in ta ga launinki ya dawo. Ki tanadi amsarki tun yanzu, da fara'a: "Anti, ina hannun likita, na gode da kulawa." Ki tsaya a nan, kada ki ƙara bayani. Ƙawarki kuwa don tana sonki ta kawo miki, abin da take shafawa ta ba ki. Ita ce ma abin tausayi. In ta yi watanni tana shafa shi a duk jiki, kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai, domin jikin da ya saba da siteroyid mai yawa yana iya rikicewa in an janye farat ɗaya. Ki ja ta ku tafi asibitin tare.

Sai Mama, kuma wannan ya fi duk sauran nauyi a wajena. Ki tsaya ki ji maganarki da kunnenta. Fuskar da kike kuka a kanta irin tata ce, irin ta mahaifiyarta ce. Da kika ce ita ta saba da nata, abin da ta ji shi ne 'yarta tana ƙyamar kamanninta. Ba haka kike nufi ba, na sani, amma haka ya sauka. Yau da dare ki same ta ita kaɗai, ki durƙusa ki ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba. Sannan ki nuna mata robar ki gaya mata komai. A abu biyu ta fi ki gaskiya: ƙwayoyin ba cuta ba ne, kuma yanzu ba lokacin taɓa su ba ne. Kan batun halitta kuwa, malamai da yawa sun bambanta tsakanin sauya halitta don ƙawa da kawar da wani aibi ko tsiro da ke damun mutum. Sukan kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito: an guntule masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Ba ni zan yanke muku hukunci ba. Ku tambayi malamin da ita ta amince da shi, ku kawo masa cire ƙwayoyin daban, bilicin daban, don ba hukuncinsu ɗaya ba. Ki kuma roƙe ta ta raka ki asibiti. Uwa in ta ji bayani da kunnenta hankalinta ya fi kwanciya, kuma ita ce ta san tarihin tabon dangi.

Don ranar kanta, ga abin da zan yi in ni ce ke. Mako huɗun ƙarshe kada wani sabon abu ya hau fuskarki. Dilka da halawa a tsaya daga wuya zuwa ƙasa, ki faɗa wa mai gyaran jiki da bakinki, ki kuma tambayi abin da ta zuba a haɗinta, don wasu suna sa man bilicin a ciki ba su faɗa ba. In baƙin lalle za a yi miki, ki sani yawancinsa da rinin gashi ake haɗa shi kuma yana tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa. Jan lalle ya fi aminci. Ki yi gwajin kwalliya mako biyu kafin biki. Mai kwalliyar da ta iya aiki za ta ɗora ɗan launin lemo a kan tabo kafin hoda, ya ɓace sarai. Ki ce mata hodar ta dace da launin wuyanki. Ƙwayoyin za su ɗan nuna tudunsu in an matso kusa, daga taku uku kuwa babu mai lura.

Kukan daren nan ma ina so ki sa masa ido. Wani ɓangarensa na fuska ne, wani kuma na barin gida ne da saɓaninki da Mama, kuma ina sa ran zai ragu da zarar kun shirya. In kuwa kika ga kina ɓata awanni a gaban madubi, kina gudun shiga mutane, barci ya ƙaurace miki, ki faɗa wa likitan wannan ma.

Bayan biki, in kin natsu a ɗakinki kuma har yanzu kina son a cire su, ki zaɓi lokacin da za ki iya samun hutun mako guda ki zauna a inuwa, a fara da gwaji, a yi su kashi-kashi. In Allah ya kawo rabo kafin nan, a jira sai kin sauka. Ki rubuto mini bayan kin ga likita, ina son jin abin da ya ce game da robar, da yadda kuka ƙare da Mama.